Kafin Yatsa Ya Taɓa Kunama

Ɗan ƙanwata ne ya zo mini da maganar, bayan La'asar, muna zaune a ƙofar gida a Bosso. Ya cike takardun shiga aikin ɗan sanda yana jiran kira, tun daga nan kuwa wayarsa ta cika da bidiyon masu harbi. Ya miƙo mini ita ya ce, "Kawu, dubi abin da ake koyon harbi da shi yanzu. Ba harsashi, ba ƙara, a cikin ɗaki kawai." Na karɓa na duba. Wani mutum ne riƙe da ƙaramar bindiga, ya maƙala mata wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba. Duk jan kunamar da ya yi, sai wayar da ke gabansa ta zana wani layi mai lanƙwasa, ta ba shi maki. Yaron ya ce so yake ya yi odarta. Na ce masa ya gyara zama tukuna. Abin da na gaya masa a yammacin nan shi nake so in maimaita muku, ku samarin Minna da 'yan matanta masu sha'awar kaki, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya tashi a Minna, a inuwar kaki ya tashi. Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar 'yan garin nan ne. Hedikwatar sojan ƙasa mai tsara horo da koyarwa, wadda ake kira TRADOC, a nan take, ga birged ta 31 ta masu manyan bindigogi, ga kuma Kontagora da cibiyarta ta horar da sojoji. Sannan ga abin da ya same mu. Yaron da ke ƙaramar sakandare lokacin da aka kwashe ɗaliban Kwalejin Kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021, aka biyo da 'yan Islamiyyar Tegina a ƙarshen Mayun shekarar, yau ya zama saurayi. Da idonsa ya ga mutanen Shiroro da Munya da Rafi suna kwana a azuzuwan firamare. In irin wannan ya ce yana so ya iya bindiga don ya tsare mutanensa, ba zan raina shi ba. Na yi shekaru ina tsaye bayan kurata a filin harbi kafin in ajiye aiki, na san zafin zuciyar da ke kai yaro can.

A cikin makaman da ake ba ma'aikaci, babu mai wuyar sarrafawa kamar ƙaramar bindiga, wadda iyayenmu suke kira libarba. Doguwar bindiga kafaɗa na tallafe da ita, kunci na manne da ita, hannu biyu na riƙe da ita nesa da juna. Ƙaramar kuwa a tafin hannu take lilo, ba abin da ya tokare ta. Tsakanin saitinta na gaba da na baya bai wuce santimita 16 ba a yawancinsu. In abin da kake bara yana nisan mita 25, duk kuskuren da ka yi a saiti zai ninku fiye da sau 150 kafin harsashi ya isa. Saitin gaba ya kauce da milimita ɗaya, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, harsashi ya kauce da santimita 15 da ɗoriya. Ya kauce da milimita uku, ka bar wanda kake nufi, ka koma kan na kusa da shi, mai shayi ne ko yarinya mai tallar gyaɗa.

Ga kuma kunama. Bindigar nan Glock 17 da 'yan sandan ƙasashe da yawa suke ɗauka, ko an cika ta da harsashi ba ta kai kilo ɗaya ba, amma kunamarta sai an matsa ta da ƙarfin wajen kilo biyu da rabi. Yatsa guda zai ja abin da ya ninka nauyin bindigar fiye da sau biyu, ana kuma so bindigar kada ta motsa. Duk wahalar a nan take. Sai tsoro ya zo ya ƙara nasa. Jiki ba ya son ƙara, ba ya son duka. Bayan harbi biyu ko uku hannu ya gane cewa bindiga za ta zabura, sai ya riga ta, ya danna bakinta ƙasa daidai lokacin da kunama take saki. Mai harbi da dama, harsasansa su taru a ƙasa ta hagu, bahago kuma a ƙasa ta dama. Mai yin haka bai san yana yi ba, domin ƙara da zabura sun rufe motsin. Zai rantse maka da girman Allah cewa saitin bindigar ne ya karkace.

A zamaninmu dabara biyu muke da ita. Ta farko, a tabbatar bindiga babu komai a cikinta, a ɗora kwabo a samanta kusa da baki, a ce wa kurtu ya ja kunama ba tare da kwabon ya faɗi ba. Yanzu ko kwabon ma ya ɓace daga aljihunmu. Ta biyu, malami ya cusa harsashin bogi a tsakiyar na gaske ba da sanin ɗalibi ba. Yana cikin harbi sai ya zo kan na bogi, bindiga ta ce ƙyas kawai, shi kuwa hannunsa ya dungura ƙasa kowa yana kallo. A ranar yake yarda cewa laifin nasa ne.

Na'urorin da kuke gani a waya aikin kwabon nan suke yi, sai dai idonsu ya fi na kowane saje kaifi. Wadda yaron ya nuna mini sunanta MantisX, ƙirar Amurka. A cikinta akwai irin abin da ke cikin wayarka mai gane cewa ka juya ta tsaye ko kwance. Tana auna motsin bindiga kafin kunama ta saki, da lokacin sakin, da bayansa, ta tura wa waya ta Bluetooth, manhaja ta ba da maki bisa ɗari, ta kuma nuna gefen da hannu ya karkata. Akwai harsashin leza, wanda ake sawa a mazaunin harsashi. Allurar bindiga na bugunsa sai ya fitar da ɗigon jan haske na ƙiftawar ido, kyamarar waya ta kama inda ya sauka a kan takarda. In ɗigon ya fito kamar ɗigo, hannu ya tsaya. In ya ja wutsiya, hannu ya motsa. Akwai SCATT ta ƙasar Rasha, wadda 'yan wasan harbi na duniya suka daɗe suna aiki da ita. Ita takan zana a kwamfuta duk yawon da bakin bindiga ya yi a daƙiƙun da ke gaban harbi, har ka ga inda numfashi ya ɗaga shi da inda bugun zuciya ya girgiza shi. Sai kuma agogon harbi, mai yin ƙara a fara, ya riƙa jin amon kowane harsashi yana rubuta lokacinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, da ina da irin waɗannan a lokacin aikina da na yi murna. Harsashi kuɗi ne, kuma a ƙidaye yake. Kurtu nawa ne suka fita daga horo bayan sun harba 'yan ƙwayoyin da ba su isa hannu ya saba ba? Da na'ura, mutum zai ja kunama sau ɗari a rana, kowane ja da bayaninsa, ba a ƙona ko ƙwaya ɗaya ba. Tana kuma kashe gardama. Kurtu kan yi wa malaminsa musu a zuci, amma in ya ga layin da hannunsa ya zana, bakinsa ya mutu. Yau da gobe ta sa allura ginin rijiya, kuma aikin yatsa da kunama irin aikin allurar nan ne.

Amma ku san iyakarta. Bindigar da ba ta zabura ba ta koya maka zama da zabura. Na ga mutanen da hannunsu yake tsaye cak a kan bindigar da ba harsashi, harbi na farko na gaske ya watsa komai. Dole a haɗa biyun, horon ɗaki da na fili, a ƙarƙashin idon malami. Sannan maki yana da ruɗi. Yaro ya ga 95 a waya, sai ya fara bautar lamba: ya sassauta riƙo, ya ja kunama a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, don dai maki ya hau. Ya samu makin, ya kuma koyi riƙon da ba zai amfane shi ba ranar da ya yi gudu a ranar Maris ta Minna, gumi na zuba a ido, zuciya na dukan ƙirji. Na'ura motsi take aunawa. Ba ta san ko ka duba abin da ke bayan wanda kake bara ba, ba ta san ko yatsanka ya shiga gidan kunama tun kafin lokaci ba. Ƙari a kan haka, kaya ne masu son caji da gyara. Jihar da ke da tashoshin lantarki na Shiroro da Kainji da Zungeru ce tamu, amma kowa ya san yadda wuta take a unguwarsa, ƙurar hunturu kuma ba ta ƙyale gilashin kyamara.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce wa yaron ya gyara zama. Mutumin da ke cikin bidiyon nan a ƙasarsa yake, da dokar ƙasarsa. Mu tamu dokar makamai, wadda take aiki tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da sauran bindigogin ɗure suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta da bindigar iska sai da lasisin Sufeto Janar. Ƙaramar bindiga kuwa, fistol ce ko libarba, tana gida na farko tare da bindigogin yaƙi, gidan da aka haramta wa kowa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ƙirar maƙerin ƙauye ma tana ciki, ko da kuwa harsashi ɗaya take ci. A 2021 gwamnati ta kafa cibiya ta musamman a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro don farautar irin waɗannan ƙananan makamai. To ka ga, na'urar da ake maƙalawa a jikin fistol, kai da ba ka da ikon riƙe fistol, me za ka maƙala mata? Tsorona shi ne sha'awar na'ura ta kai yaro neman bindiga, wani aboki ya ce ya san mai ita, daga nan rayuwa ta karkace. Ko bindigar roba mai leza, wadda ba ta harbi, kada ka saka ta a jaka ka hau babur ka nufi Kpakungu da dare. Jami'in da ke shingen bincike ba shi da lokacin tantance roba da ƙarfe. Ƙofar da ta halatta gare ka ita ce ƙofar Depot ta Zariya, ko NDA ta Kaduna, ko makarantar 'yan sanda ta Wudil, ko kwalejojin 'yan sanda da na sauran hukumomi. A can za a damƙa maka makami da lamba, da rajista, da malami.

Ku kuma da kuka riga kuka shiga, aka ba ku bindiga, ga abin da ya fi tayar mini da hankali game da horon ɗaki. Shi wannan horo yana saba wa mutum jan kunama a inda ba filin harbi ba, a ɗakin kwana, a ofis, kusa da iyali. Na san wani abokin aiki, mutum mai natsuwa, ba mashayi ba, ba mai rawar kai ba. Ya gama gwajin jan kunama da bindiga fayau, ya mayar da harsasai ya ajiye ta. Aka kira shi a waya, ya yi magana ya dawo, hannunsa ya ce a ƙara ɗaya. Harsashin ya huda ƙofar katako ya shige bangon zaure, inda ɗansa ya bar wurin bai fi minti ɗaya ba. Allah ya kiyaye. Mutumin nan ya yi mako bai iya cin abincin kirki ba. Tun daga ranar na kafa wa ɗalibaina ƙa'ida: harsashi ba ya zama ɗaki ɗaya da mai gwaji. A cire gidan harsashi, a ja a duba mazauni da ido, a sa yatsa a taɓa, a sake dubawa. A fuskanci bangon da zai iya tare harsashi, ba taga ba, ba ƙofa ba. In an gama, a faɗa da baki a ji, "Na gama," a cire takardar bara daga bango, kada a bar abin da zai ja ido. In wani abu ya katse ka a tsakiya, ka koma farkon duba kamar ba ka taɓa yi ba. Mukan ce tsautsayi ba a sa masa rana, gaskiya ne, amma yawancin abin da muke kira tsautsayin bindiga sakaci ne aka sauya wa suna.

Addini ma bai bar wannan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da koyon harbi, shi ne kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya umarci mai ɗauke da kibau ya kame tsininsu in zai ratsa masallaci ko kasuwa. Ku tuna da wannan duk ranar da aboki ya ce ku ɗauki hoto da bindiga don TikTok, ko aka ce ku yi harbin murna a wajen biki. Harsashin da aka harba sama yana dawowa ƙasa, kuma bai san gidan ango daga gidan maƙwabci ba.

A cikin duk na'urorin, wadda na fi so hukumominmu su zuba kuɗi a kanta ita ce ɗakin kwaikwayo. Sojan Amurka sun yi aiki da nasu mai suna EST 2000, na Birtaniya ma suna da irinsa. Babban allo ne da majigi, da bindigogi masu leza waɗanda iska mai matsi take sa su zabura kamar na gaske. Amfaninsa ya wuce saiti. Ana nuna maka mota ta tsaya a shinge, direba ya kai hannu aljihu. Wani lokaci makami zai zaro, wani lokaci lasisin tuƙi. Malami na zaune a baya yana sauya labarin gwargwadon yadda ka yi magana da mutumin, in an gama a mayar da hoton baya a tambaye ka dalilin da ya sa ka harba, ko dalilin da ya hana ka. Wannan ita ce tambayar da ta fi damun ƙasar nan. A ranar Kirsimetin 2022, a Ajah ta Legas, wani jami'in ɗan sanda ya harbe lauya Bolanle Raheem, tana da juna biyu, tana cikin mota da iyalinta. A watan Oktoban 2023 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ba rashin iya saiti ne ya kashe matar nan ba. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, to ina ga harsashi. Idan an kai ku irin wannan ɗaki, kada ku ɗauke shi wasan gem. Kuskuren da za ku yi a gaban allo shi kaɗai ne kuskuren harbin da ake gyarawa.

Wanda kuma sha'awarsa ta harbin ce kawai, ba ta kaki ba, ya sani cewa harbi wasa ne da ake cin lambar yabo da shi, Najeriya ma tana da hukumar wasan. A gasar Olamfik ana harbi da ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10, a tsaye, da hannu ɗaya, da'irar tsakiya kuwa faɗinta milimita 11.5 ne, na'ura ce take karanta inda ƙwaya ta bi. A wani wasan Olamfik mai haɗa fanni biyar kuwa, tun gasar Landan ta 2012 bindigar leza ake amfani da ita, ba ƙwaya ko ɗaya. Da yawanku kun ga hoton Baturken nan Yusuf Dikeç a gasar Paris ta 2024, hannu ɗaya a aljihu, ba tabarau na musamman, ya ci azurfa tare da abokiyar wasansa. Aka yi ta cewa baiwa ce. Mutumin shekararsa 51 a lokacin, tsohon jami'in jandarma ne, kuma wannan ne zuwansa Olamfik na biyar tun 2008. Natsuwar da kuka gani a hoton, ta shekara ashirin da ɗoriya ce.

Ina kuma da kira ga 'ya'yanmu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya, na Bosso da na Gidan Kwano. Abin da ke cikin waɗannan na'urori ba sihiri ba ne: ma'aunin motsi ne, da ɗan ƙaramin allon lantarki, da batir, da manhaja. Kuna haɗa abin da ya fi wannan wuya a aikinku na kammala karatu. Hukumar da ke tsara horon sojan ƙasa gaba ɗaya tana garinku. In malamanku suka nemi izini ta hanyar da ta dace, aka yi aikin a kan bindigar katako ko ta roba, za a iya samun na'urar da aka ƙera don zafinmu da ƙurarmu, wadda in ta lalace a nan za a gyara ta, ba sai an jira kaya daga waje da dala ba.

Yaron ya saurara har aka kusa kiran Magariba. Ya ce, "To Kawu, kafin a kira mu, me zan yi?" Na ce ya je asibiti a auna idonsa, don akwai masu shekara ashirin da ba su san ɗayan idonsu ya raunana ba sai a filin harbi. Na ce ya riƙa gudu da asuba, ya ƙarfafa hannu da kafaɗa, ya rage goro da lemon ƙarin kuzari, ya nisanci ƙwaya da duk mai sha, domin hannun mai shan ƙwaya ba ya tsayawa, hankalinsa ma haka. Sannan na aika aka kawo kofin silba cike da ruwa har baki. Na ce ya miƙe tsaye, ya riƙe shi da hannu ɗaya a miƙe daidai kafaɗa, ya riƙa lanƙwasa manuniyarsa a hankali yana miƙewa, sauran yatsun kada su motsa, ruwan kada ya zuba. A lanƙwasa ta huɗu ruwa ya gangaro masa a wuyan hannu. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya je randa ya sake cikawa.